Tsohon magani ko sabo? Ƙanena ya daina rawar hannu, ya koma barci da ƙiba

Maman_Fadila: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Ƙanena ne, shekararsa 27, bakanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota a nan Kumasi ta Gana. Shekara uku ke nan da ciwon ya fara. Ya daina barci, ya ce ana kiran sunansa ta rediyon motocin da ake kawo musu gyara, daga baya ya ƙi abincin gida wai an barbaɗa masa wani abu. Bayan yawon da ba sai na faɗa ba, muka kai shi asibiti, suka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake kira sikizofireniya, suka ɗora shi kan haloferidol da wata 'yar ƙwaya da ake ce wa Artane. Muryoyin sun tafi, alhamdu lillahi. Amma yaro ya dawo kamar an sassaƙa shi da itace. In yana tafiya hannu ba ya kaɗawa, yawu na zuba, sifana ma ba ya iya riƙewa saboda rawar hannu, har maigidansa ya ce ya zauna gida tukuna. Wata bakwai da suka wuce aka canza masa zuwa olanzafin. Rawar ta tafi, fuska ta saki, har tsokanar yarana yake yi. To yanzu kuma barci ne. Asuba sai an yi da gaske, wake da shinkafa kwano biyu ba ya isarsa, wandunansa duk sun ƙi shiga. Mma ta ce a koma tsohon, gara ramammen da zai tashi sallah. Kawunmu na Jamus ya ce tsohon nan an daina ba mutane shi a can. Gaba kura baya sayaki. Tambayata: akwai inda aka gwada magungunan nan kai da kai aka ga wanda ya fi, ko kowane likita da nasa ne kawai?

Dan_Aboabo: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai abin da na sani, mai tsada shi ne mai kyau. Bature ba ya sa kuɗi a banza.

Hajiya_Alabar: Kai Ɗan Aboabo, atamfa ake ciniki? Sannu 'yata, Allah ya yaye. Kada ku taɓa komai sai kun koma wurin wanda ya rubuta.

Nas_Bashiru: Yaya Maman Fadila, sannu da ɗawainiya. Ni nas ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma tambayar nan kusan kowane mako sai wata uwa ta yi min ita. E, an gwada. Gwajin da aka fi ambata shi ne CATIE, a Amurka, sakamakonsa ya fito a 2005. Gwamnati ce ta biya kuɗinsa, ba kamfanin magani ba, shi ya sa muke ba shi nauyi. Mutum 1,493 aka ɗauka a wurare 57, aka raba musu magani ta hanyar ƙuri'a. Sababbi huɗu ne, olanzafin, risferidon, kwetiyafin da zifrasidon, sai tsoho guda ɗaya mai suna ferfenazin. Duk an zuba su a kafso iri ɗaya, likita bai san abin da ke ciki ba, majinyaci bai sani ba. Abin da suka auna kuma ba wani dogon lissafi ba ne: wa zai ci gaba da maganinsa har wata 18?

Kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka fara ba su kafin lokacin ya cika. Olanzafin ya fi riƙe mutane, kashi 64 suka bar shi. Risferidon 74, ferfenazin 75, zifrasidon 79, kwetiyafin 82. Kin ga tsohon nan bai bar wa sababbi uku fili ba. Shi kuma olanzafin da ya zo na ɗaya, shi ya fi kowa sa ƙiba, kusan kilo ɗaya duk wata, ga suga da kitsen jini suna hawa. Wato abin da kike gani a ɗakin ƙanenki shi Turawan suka gani a takarda.

Sarkin_Pragya: Kashi 74 sun bari?! To ai zance ya ƙare, maganin ba ya aiki ke nan. Mu da ma mun faɗa, abin nan na iska ne, ƙwaya ba ta fitar da aljani.

Likitan_Gobe: @Sarkin_Pragya a'a Yaya, ba haka lissafin yake ba. Barin maganin farko daban, barin magani gaba ɗaya daban. Da yawansu canza musu aka yi zuwa wani a zagaye na biyu na gwajin, kamar yadda aka yi wa ƙanen Maman Fadila. In kana son sanin ko magani na aiki, sai ka kwatanta shi da ƙwayar wofi wadda ba komai a cikinta. An tara irin wannan gwaji guda 65 a mujallar Lancet a 2012, na mutanen da suka riga suka samu sauƙi. Waɗanda suka ci gaba da magani, kashi 27 ciwon ya dawo musu cikin shekara. Waɗanda aka mayar kan ƙwayar wofi, kashi 64. Ni ɗalibi ne har yanzu, amma wannan lambar ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta.

Sarkin_Pragya: To 27 ɗin fa? Suna sha kuma ya dawo.

Likitan_Gobe: Gaskiya ne. Ba wanda ya ce yana cire ciwon da saiwarsa.

Abu_Hamburg: Malam Bashiru, ka kawo gwajin da ya yi maka daɗi ka bar sauran. Mutanen CATIE tsofaffin majinyata ne, mafi yawansu sun haura shekara goma suna shan magani. Kuma ba haloferidol aka sa ba, ferfenazin ne, wanda ya fi shi taushi a jiki. Sannan duk wanda ya riga ya kamu da motsin baki da harshe, illar da magungunan nan ke kawowa in an daɗe ana sha, ba a ba shi tsohon ba. Nan Turai an yi EUFEST, ya fito a 2008, mutum 498 da ciwon ya fara kama su karon farko, a ƙasashe 14. Haloferidol kaɗan aka ba su, miligiram 1 zuwa 4, duk da haka kashi 72 suka bar shi cikin shekara. Olanzafin kashi 33 kawai. Amisulfirid 40. Wannan ai ya fi kama da yaron da ake magana.

Nas_Bashiru: Alhaji Abu, lambobinka daidai ne, kuma ka yi gaskiya kan ferfenazin. Amma ka tsallake abu biyu. A EUFEST kowa ya san abin da ake sha. Likitan da tun farko ya ɗauka haloferidol kayan da ne, da majinyaci ya ɗan yi ƙorafi sai ya canza masa, a rubuta "ya bari". Na biyu, da aka auna ciwon kansa, muryoyi da zargi da ruɗewar magana, duk rukunonin sun samu sauƙi kusan daidai da juna, wajen kashi 60. A Ingila ma an yi CUtLASS, 2006, mutum 227. Masu binciken sun shiga da tsammanin sababbi za su fi gyara rayuwar majinyaci bayan shekara guda. Ba su ga hakan ba.

Abu_Hamburg: A CUtLASS ɗin ma tsohon da likitoci suka fi zaɓa sulfirid ne, ba haloferidol ba. Ku daina wanke haloferidol da ruwan wasu.

Sadiya_Kemis: Ku biyun nan kowa na da gaskiya, abin da ya sa ba za ku gama ba ke nan. Ni a kantin magani nake. Bari in ƙara muku wani abu da ya ba ni dariya lokacin da muke makaranta. A 2006 wasu masu bincike suka duba gwaje-gwajen da kamfanoni suka biya don kwatanta sababbin da junansu, sai suka tarar a 9 cikin 10 maganin wanda ya biya kuɗin ne ya ci. Olanzafin ya kayar da risferidon, risferidon ya kayar da kwetiyafin, kwetiyafin ya dawo ya kayar da olanzafin. Kamar kokawar da kowa ya zo da alƙalinsa. Ba lallai ƙarya aka yi ba, dabara ce: ka ba da maganin abokin gasa da yawa ko kaɗan, ka zaɓi ma'aunin da naka ya fi kyau a kai. Haka aka daɗe ana yi wa haloferidol, a zuba shi da yawa, mutum ya sandare, a ce kun ga sabo ya fi. @Maman_Fadila miligiram nawa ake ba shi a da?

Maman_Fadila: Na duba tsohon katinsa. 10 da safe, 10 da dare.

Sadiya_Kemis: Ashirin a rana ke nan. Ki kwatanta da 1 zuwa 4 da Alhaji Abu ya ambata.

Nas_Bashiru: Kada mu yanke wa likitan hukunci ta waya, ba mu ga halin da aka kawo yaron ba. Sau da yawa ana farawa da yawa ne lokacin da mutum ke fisge-fisge, matsalar ita ce a manta ba a rage ba bayan ya natsu. Amma e, sandarewar tana bin yawan maganin. Dukkansu, tsoho da sabo, hanyar wani sinadari mai suna dofamin suke toshewa a ƙwaƙwalwa. Hanyar nan kuma ba tunani kaɗai take riƙe da shi ba, har da motsin jiki. In ka toshe ta fiye da kima, muryoyi su tafi, tafiya ma ta tafi.

Mai_Haƙuri: Ban so in yi magana ba, amma tunda ba wanda ya san ni a nan, bari in faɗi nawa. Ni ce mai shan maganin, ba 'yar'uwar mai sha ba. Shekara shida. Tela ce ni. Na fara da Largactil, shi ma tsohon magani ne, in zauna kan keke in farka na ga kaina a kan kayan mutane, rana kuma in ta taɓa ni sai jiri. Aka mayar da ni risferidon. Kaina ya washe sosai, na koma karɓar ɗinkin biki. Wata huɗu sai al'adata ta ɗauke, nono ya fara zubar da ruwa, ni da mijina ya rasu shekara biyu. Ku yi tunanin gidan haya a Zango, mace ta shanya rigarta da tabo a gaba. Wata maƙwabciya har ta tambaye ni wata nawa. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita, na jefa ƙwayoyin a masai. Sati bakwai aka yi aka ɗauke ni a tasi ina zagin mutane a bakin titi.

Abin da nake so in ce wa Maman Fadila: kun tambaye shi? Mma na son tsoho, kawu na son sabo, shi fa? Akwai wani abu da haloferidol ya taɓa yi min da aka ba ni a kwance, ƙafata ta ƙi zama, in tashi in zauna in tashi, cikin jikina kamar an zuba tururuwa. Masu jinya suka ɗauka ciwon ne ya motsa. Da a mayar da ni wannan gara in yi ƙiba in cika ƙofa. Amma wani zai ce gara rawar hannu da a kira shi buhu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya_Alabar: Allahu akbar. Allah ya saka miki da alheri 'yata, kin faɗi abin da ba ya cikin lambobinsu.

Likitan_Gobe: Yana ciki Hajiya, sai dai a shafin baya. Abin da ya samu Anti Mai Haƙuri sinadarin furolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa, shi ne ya hau, kuma risferidon na cikin waɗanda suka fi ɗaga shi. A maza yana kashe sha'awa, wasu ƙirjinsu ya kumbura, kuma ba sa faɗa, sai dai ka ga sun daina zuwa karɓar magani. A 2013 Stefan Leucht da abokan aikinsa sun tara gwaji 212, mutum sama da 43,000, magani 15, suka jera su. Wajen kashe ciwo kulozafin ne a sama, sai amisulfirid, olanzafin, risferidon, sauran sun biyo kusa-kusa. Amma wajen illa tazarar babba ce: haloferidol ya fi kowa sandarar da jiki, olanzafin ya fi kowa ƙiba. Shi ya sa suka ce rabon nan na "tsoho" da "sabo" ba ya gaya maka komai, kowane magani a dube shi shi kaɗai.

Dan_Aboabo: To ai ga shi, akwai na ɗaya. A ba shi kulozafin ɗin mana a huta.

Baban_Yalwa: Ɗana, ba haka ake ba da shi ba. Nawa yaron shekara tara muna fama. Magani uku ya sha, kowanne da cikakken lokaci, ni da hannuna nake ba shi in duba ƙarƙashin harshe, muryoyin ba su taɓa yin shiru ba. Sai bara wata likita ta ce a gwada kulozafin. Kafin a fara sai gwajin jini, bayan an fara kuma duk mako, wata da watanni. Kuɗin mota, kuɗin gwaji, wani lokacin maganin ya yanke in bi gari ina nema har Ankara babban birninmu. Yawu yana jiƙa matashi da dare, ga taurin bayan gida da sai an kula sosai. Amma yau yana zama a shagona yana ba da canji. Shekara tara ban ji ya ce "Baba sannu da aiki" ba sai bana.

Nas_Bashiru: Ma sha Allah Baba. Wannan shi ne wuri ɗaya da binciken bai yi gardama ba. A 1988 John Kane ya gwada kulozafin da Largactil a kan mutanen da sauran magunguna suka gaza musu. Cikin sati 6, kashi 30 suka samu sauƙi da kulozafin, kashi 4 da Largactil. Amma a 1975 an janye shi a ƙasashe da dama bayan wasu sun rasu a Finlan, domin yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, wajen mutum 1 cikin 100. Gwajin jinin da Baba ke yi dalilinsa ke nan. Ƙa'ida ita ce sai magani biyu sun gaza. Ƙanen Maman Fadila kuwa duka biyun sun yi masa aiki, illa ce ke damunsa, don haka ba layinsa ba ne.

Likitan_Gobe: Ƙari kan wannan, mu 'yan Afirka ta Yamma da yawa a halitta adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininmu ya fi na Turawa ƙasa, kuma lafiyarmu lau. Ma'aunin farko da jinin Turawa aka yanka shi, sai aka riƙa hana baƙaƙen fata kulozafin a Ingila da Amurka ba gaira ba dalili. Daga baya aka gyara ƙa'idar.

Ummi_Nima: Abin da ke cin raina ke nan. Amurka, Ingila, Finlan. An gwada a kanmu kuwa? Mai cin tuwo da miyar ayoyo a zafin nan jikinsa ɗaya da na mutumin Finlan?

Malam_Tanko: Kafin a amsa wa Ummi, ina da magana da Sarkin Pragya. Ni ina yin ruƙiyya, kuma ba na jin kunyar cewa na sha tura mutane asibiti. Wanda aka yi wa karatu sati biyu yana nan yana hira da bango, ba ya barci, ba na riƙe shi. Addu'a ba ta hana ƙwaya, ƙwaya ba ta hana addu'a. Wanda ke ce wa iyaye su zubar da magani don a ga ƙarfin karatunsa, ya ji tsoron Allah.

Sarkin_Pragya: Malam na ji. Amma na ga wanda aka yi wa karatu ya warke sarai ba ƙwaya.

Nas_Bashiru: Akwai ruɗewar da ke zuwa ta wuce da kanta cikin kwanaki ko makonni, akwai ta zazzaɓi, akwai ta wiwi. Ba duka ne sikizofireniya ba. @Ummi_Nima manyan gwaje-gwajen kwatanta ƙwaya da ƙwaya a waje aka yi su, wannan gaskiya ne. Amma an yi aiki a nan, kuma ya taɓa maganar Malam. Farfesa Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Gana ta yi gwaji a wani sansanin addu'a a Yankin Gabas, ya fito a 2018, mutum 139. Rabi aka ƙara musu maganin asibiti a kan addu'ar, rabi addu'a kaɗai. Bayan sati 6 masu magani sun fi samun sauƙi. Abin takaici, maganin bai rage kwanakin da suka yi a ɗaure da sarƙa ba. Sannan akwai COSIMPO, wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da nan Kumasi, Lancet 2020, majinyata 307 da ke hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a. Inda aka haɗa su aiki da ma'aikatan asibiti, bayan wata 6 majinyatan sun fi na sauran wuraren samun sauƙi.

Malam_Tanko: Sarƙar nan ita ce abin kunyarmu duka.

Ummi_Nima: To ni tambayata ta aure ce. In yaro na shan irin wannan magani, dole a gaya wa dangin yarinya? Akwai wata a layinmu da aka fasa saura sati biyu.

Hajiya_Alabar: A faɗa tun wuri. Ranar da amarya ta tsinci kati a ƙarƙashin katifa ta fi muni.

Dan_Aboabo: In an faɗa wa zai ba shi? Ku faɗi gaskiya, Hajiya za ki ba da jikarki?

Mai_Zaure: Jama'a, maganar aure a buɗe mata nata zaren. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Sadiya_Kemis: To in dawo da mu ƙasa. Duk jerin Leucht ɗin nan, nawa ne a kan kantarmu? Abin da ake samu kullum haloferidol, Largactil, olanzafin, risferidon, sai allurar wata. Amisulfirid da ya zo na biyu, ni ban taɓa sayar da shi ba. Arififrazol ba ya sa ƙiba sosai, zai iya dacewa da irin ƙanenki, amma ba ko'ina ba kuma da tsada, shi ma yana kawo rashin zaman da Anti ta kwatanta. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Ankara tun 1906, Ankaful 1965, Pantang 1975, duk a kudu. Mu nan sai sashen da ke asibitin Komfo Anokye da nas-nas na unguwanni. Dokar Gana ta 2012 ta ce jinyar ƙwaƙwalwa kyauta ce, amma kowa a nan ya san ranar da za a miƙo maka takarda a ce je ka saya. Tun ƙarshen 2024 an sa sikizofireniya cikin inshorar lafiya, don haka ki sabunta masa katinsa ki tambaya.

Sannan Artane. Don Allah a daina ɗaukarsa maganin ciwon. Sandarewa kawai yake sassautawa. Samari na zuwa nemansa don maye, ba na bayarwa sai da takarda. In yaro ya koma olanzafin kuma har yanzu yana shan Artane, a tambayi likita ko akwai sauran buƙata.

Maman_Fadila: Innalillahi, yana sha har yanzu. Ba wanda ya ce mu daina. Kuma Anti Mai Haƙuri, maganarki ta tsaya min a rai, jiya da dare na tambaye shi. Ya daɗe bai amsa ba, sai ya ce shi dai kada a mayar da shi wancan, wai lokacin yana jin mutane na magana amma kafin bakinsa ya buɗe an wuce wurin. Amma ya ce barcin ma ya ishe shi, yana so ya koma Magazin kafin yaran da ya koya wa aiki su buɗe nasu garejin.

Nas_Bashiru: Madalla, wannan maganar tasa ita za ki kai wa likita, da bakinsa in zai iya. Ki tambaya ko za a mayar da olanzafin ɗin duka dare, ko za a iya rage shi a hankali. A auna nauyinsa da ƙugunsa, a gwada suga da kitsen jini, wata bakwai ya ci a ce an yi. Wasu likitoci na ƙara metfomin, maganin ciwon suga, don rage ƙibar, akwai gwaje-gwajen da suka nuna yana taimakawa. Yana shan taba? Hayaƙin sigari na sa hanta ta yi saurin cinye olanzafin, wanda ya daina sha kwatsam sai maganin ya yi masa yawa, barci ya ƙaru.

Maman_Fadila: Ya daina tun azumin bara, Mma ta sa shi rantsuwa.

Likitan_Gobe: Ki faɗa wa likitan wannan, yana da muhimmanci.

Abu_Hamburg: Kun ga dai a ƙarshe kan sabon aka tsaya.

Baban_Yalwa: Alhaji, a kan wannan yaron aka tsaya. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, allurar haloferidol ta wata-wata yake yi tun ina da ƙarfina, yana kiwon tumakinsa, ya aurar da 'ya'ya huɗu. In ka ce zai koma ƙwayar kullum, mantawa zai yi.

Abu_Hamburg: A duba bakinsa da harshensa Baba. Tsofaffin nan duk shekara wajen 5 cikin 100 na kamuwa da motsin baki, kuma wani ba ya tafiya ko an daina.

Hajiya_Alabar: Ni dai 'yata, burkina da lemon kwalba da burodin dare a rage masa. Ki sa shi rakiyar yara makarantar allo da yamma, ya taka ƙasa. Ina da sikeli a shago, ki turo shi duk Juma'a ya hau, ba sai mutane sun san dalili ba.

Ummi_Nima: Malam Tanko, allurar watan nan in ta faɗo cikin azumi da rana fa?

Malam_Tanko: Allurar da ba abinci ba ce, mafi yawan malamai sun ce ba ta karya azumi. Ƙwaya kuma a nemi likita ya daidaita ta tsakanin buɗa-baki da sahur, kada mutum ya gyara da kansa.

Maman_Fadila: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ranar Talata ce ranarmu, na rubuta komai a bayan katin. Mma dai har yanzu ba ta sauko ba, ta ce Turawan da suka yi gwajin ba su ne ke tashinsa asuba ba. Malam Bashiru, gwajin sugan da yunwa ake zuwa ko ya karya?

Nas_Bashiru: Da yunwa. Ruwa kawai. Ku je da koko a fulas ya sha bayan an ɗebi jinin.

Yaron_Sawaba: Salam, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Yayata an ba ta kwetiyafin bayan haihuwa kuma tana shayarwa, akwai wanda ya san wani abu a kai?